Littafi da Garma: Addini, Aiki da Kuɗi a Mishan na Kogin Kwara, 1841 zuwa 1892

A ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 1840 aka yi wani babban taro a birnin Landan, wanda Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya shugabanta. Mutumin da ya yi sanadin taron shi ne Thomas Fowell Buxton, magajin Wilberforce a fagen yaƙi da bauta. Abin da ya dame shi kuwa shi ne, tun 1807 Ingila ta haramta wa mutanenta fataucin bayi, ta kuma baza jiragen yaƙi a teku suna tare masu yinsa, amma duk da haka cinikin bai mutu ba. A ganinsa an yi ta jifar reshe ne an bar saiwa. Muddin sarki ko attajiri a Afirka ba shi da hajar da za ta kawo masa bindiga da tufafi sai ɗan Adam, to, zai ci gaba da sayar da shi. Magani, in ji Buxton, shi ne a nuna wa mai bawa cewa gumin mutum a gona ya fi kuɗinsa a kasuwa riba. Saboda haka mai wa'azi da manomi su tafi tare. Wannan manufa ce aka yi wa laƙabi da Littafi da Garma, watau Littafi Mai Tsarki a hannu guda, garma a ɗaya hannun.

Ba za a fahimci wannan ra'ayi ba sai an san irin Kiristancin da ya haife shi. Masu tsantsenin addini na Ingila a wancan zamani sun ɗauki sana'a a matsayin kira daga Allah, zaman banza kuwa ƙofar zunubi. Dukiya a wurinsu amana ce da za a tambayi mutum a kanta, don haka nemanta ba laifi ba ne in dai ta hanyar gaskiya aka bi, aka kuma kashe ta inda ya dace. Shi kansa Buxton daga wani babban kamfanin dafa giya ya sami arzikinsa, abin da bai hana shi barci ba, ko da yake labarin giya zai sake ɓullowa nan gaba ta inda bai zata ba.

Cikin 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa masu tururi guda 3, Albert da Wilberforce da Soudan, suka shigo Kwara. A Idah suka ƙulla yarjejeniya da Attah na Igala, suka sayi fili kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, wajen da Lakwaja take yanzu, domin kafa gonar gwaji ta auduga. Ba a je ko'ina ba masassara ta faɗa musu. Daga cikin Turawa kimanin 150, fiye da 40 suka mutu, kuma a 1842 aka kwashe waɗanda aka bari a gonar. A Ingila aka yi ta yi wa tafiyar ba'a, har marubuci Charles Dickens ya mai da ita abin dariya a ɗaya daga cikin littattafansa. Buxton ya rasu a 1845 da wannan baƙin ciki.

Sai dai akwai mutum biyu da ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da C.M.S., ta sa a cikin tafiyar, kuma su ne ribarta. Na farko Bajamushe ne, J. F. Schön, wanda ya duƙufa ga nazarin Hausa, ya fitar da nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876. Na biyu shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe ɗan garin Osogun, wanda aka kama yana yaro aka sayar, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a 1822 ya sauke shi a Saliyo. Darasin da C.M.S. ta koya daga kaburburan 1841 shi ne, aikin Kwara na 'yan Afirka ne.

Wanda ya mai da wannan darasi tsari shi ne Henry Venn, sakataren C.M.S. tun daga 1841 har tsawon shekara 30 da ɗoriya. Burinsa shi ne ikilisiya ta ɗauki nauyin kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Nan ne maganar kuɗi ta shigo tsakiyar maganar addini, domin jama'ar da ba ta iya biyan limaminta ba ta da bakin cewa ga wanda take so ya yi mata limanci. Venn ya gane cewa 'yantaccen bawa da ba shi da sana'a ya canza ubangida ne kawai, ya bar mai sarƙa ya koma hannun mai sadaka. Don haka ya haɗa kai da wani ɗan kasuwar Manchesta, Thomas Clegg, aka aika da injinan gurzar auduga Abeokuta, aka kuma kai samari Ingila su koyi aikin auduga da sauran sana'o'i. Abin da yake nema shi ne a sami rukunin manoma da magina da kafintoci da 'yan kasuwa Kiristoci masu abin hannunsu, waɗanda za su san amfanin kansu a duniya, ba masu jiran abin da za a miƙo daga Landan ba.

A 1854 Dokta Baikie ya shiga Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin, ya dawo ba wanda ya mutu. Cikin 1857 Crowther ya buɗe mishan na Kwara, farawa da Anacha, kuma a 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari. Kusan duk ma'aikatansa 'yan Saliyo ne. Ya yi hulɗar mutunci da sarakunan Musulmi, musamman Etsu Masaba na Bida, wanda yakan ziyarta. A Bonny kuwa, can bakin teku, sarki da attajiran manja suka yarda su biya rabin kuɗin kafa mishan da makaranta. Wannan shi ne ainihin abin da Venn ya yi mafarki.

Amma tsarin yana da rauni tun daga tushe. Mishan ɗin ba shi da jirgin kansa, sai ya jira na 'yan kasuwa, har bishop ya kan yi wata da watanni bai ga wasu tashoshinsa ba. Albashi kaɗan ne, kuma a wuraren da ba a san kuɗin Bature ba da kaya ake biya, yadi da gishiri da makamantansu, wanda dole ma'aikaci ya kai kasuwa ya musanya kafin ya ci abinci. Tsakanin musayar dole da fatauci tazarar ba ta da yawa. Wasu suka zarce. 'Ya'yan bishop da danginsa ma suna cikin harkar ciniki a kogin, har ɗansa Josiah ya riƙe wakilcin wani kamfanin Ingila. A zamanin Venn ba a ga aibin wannan ba, hasali ma ci gaba aka ɗauke shi.

Venn ya rasu a 1873, iska kuma ta juya. A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a Kwara suka zama ɗaya, a 1886 kuma kamfaninsa ya sami izinin mulki daga Sarauniya. Da haraji da lasisi aka matse ƙananan 'yan kasuwa na Saliyo da Ikko, watau mutanen da Littafi da Garma ya raina. Halattaccen cinikin da Buxton ya yi wa kirari shi ma ya nuna ɗaya fuskarsa, domin babbar hajarsa a ƙasashen kudu barasa ce. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Maliki na Nupe ya aika wa Crowther takarda yana roƙon a kai kukansa ga Sarauniya a hana shigo da ita ƙasarsa, don ta lalata masa jama'a. A cikin mishan ma, tun da aka kawo jirgi a 1878 aka damƙa shi a hannun Bature, sha'anin kuɗi ya fara sulalewa daga hannun bishop.

Sannan sai ga wani sabon iri na Turawan mishan. Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson sun sauka Lakwaja a 1890 da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Suka sa riga da rawani, suka ce ba ruwan bishara da ciniki ko wayewar Turai, abin da ake bukata tsarkin zuciya ne da gudun duniya. Da wannan ma'auni suka auna ma'aikatan Crowther, suka same su da son abin duniya. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anacha cikin Agusta 1890, samarin Turawa suka ƙi jin maganar dattijon da ya haura shekara 80, aka dakatar da ɗansa Dandeson, shi kuma ya ajiye shugabancin kwamitin. Mafi yawan ma'aikatan Afirka aka sallame su.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk zargin ne ƙarya ba. An sami mashaya da mazinata, an ma sami mummunan laifin kisa a Anacha wanda ya kai ga kotu, kuma Crowther mutum ne mai saurin yafewa fiye da yadda shugabanci yake so. Brooke da Robinson kuma ba munafukai ba ne, gama dukansu biyu a Lakwaja suka bar ransu, Robinson a 1891, Brooke a 1892. Amma gudun duniya yana da sauƙi ga saurayi ɗan gidan wadata wanda ba ya bukatar albashi. Mutumin da aka haifa a gidan 'yantattun bayi, yana da mata da 'ya'ya da za a biya wa makaranta a Saliyo, wanda kuma ita C.M.S. ɗin ce ta koya masa cewa neman na kai ibada ne, shi ne yanzu aka tuhuma da abin da aka yaba wa ubansa a kai. Ƙungiyar ta sauya aƙidarta game da kuɗi, talakan ma'aikaci ya biya diyyar sauyin.

Crowther ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba, 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa, kuma sai a 1952 aka sake ba ɗan ƙasa cikakken riƙon yankin bishop na Cocin Ingila a Nijeriya, lokacin da aka naɗa A. B. Akinyele a Badun. Amma majami'un bakin teku ba su jira ba. A 1892 Bonny da maƙwabtanta suka ware a ƙarƙashin Dandeson Crowther, suka ce za su riƙe kansu ba tare da ko anini daga C.M.S. ba. Suka biya limamansu, suka gina makarantu, kuma fatakensu da ke shiga cikin ƙasa sayen manja su ne suka riƙa kafa ƙananan ɗakunan sujada a kasuwannin da suke sauka. Da kuɗin manja aka yi duk wannan, kuma a 1897 C.M.S. ta sasanta da su, ta amince da tsarin mulkin kansu.