Taushi da Kotso: Gadon da Ke Cikin Yatsu

Idan aka lissafa manyan makaɗan fada na ƙasar Hausa a ƙarni na 20, za a tarar da yawansu ƙasar Zamfara ce ta haife su. Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ne, a ƙasar Bungudu. Musa Ɗanƙwairo da yayansa Kurna na Maradun ne, Sa'idu Faru ma daga can ƙasar ya fito, Ibrahim Gurso kuwa na Talatar Mafara. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, a Tubali aka haife shi. Waƙoƙinsu suna bakin mutane har gobe, ana kawo su cikin hira kamar karin magana. Ni kuwa abin da ya daɗe yana damuna shi ne abin da ke ƙarƙashin muryar, wato hannun da ke kan fata, wanda ba a cika tambayar tarihinsa ba.

Taushi da kotso duk gangunan fada ne masu baki ɗaya, kuma da hannu ake kaɗa su, ba a sa musu makaɗi. Jankiɗi mai taushi ne, Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru kuwa 'yan kotso ne. Kotso yana da tsarkiya a jikinsa, mai kiɗa ya matse ta murya ta hau, ya saki ta sauka, ana kuma liƙa nake a tsakiyar fatar domin amon ya yi nauyi. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, ganga tana iya faɗin magana ba tare da baki ba. Wannan shi ne take. Kowane basarake yana da nasa, kuma bafaden da ya san aikinsa, ko yana bayan katanga ya ji an taɓa fata, ya san wa ake kira.

Ba a makaranta ake koyon wannan sana'a ba, gado ce. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya idan za a je fada, sai ya shiga cikin 'yan karɓi yana amsa gindin waƙa, sannan a ba shi ƙaramar ganga. Kafin a bar shi ya zauna kusa da uban kiɗi, sai ya san inda ake sassautawa don ɗan waƙa ya fita sarai, da inda ake ƙara wuta idan an zo habaici ko zambo ga magautan sarki. Haka Ɗanƙwairo ya tashi a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya zauna ƙarƙashin Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Sabuwar waƙa a gida ake tsara ta, a yi ta maimaitawa har kiɗi da karɓi su zauna daram, sannan a kai ta ƙofar fada a daren Juma'a, ko ranar hawan sallah, ko wajen naɗin sarauta.

Zamanin En'e ya yi wa wannan sana'a rana. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, hakimai sun zama masu albashi, gyaɗa da auduga suka kawo kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Gusau ya wuce Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Basarake yana da halin ba makaɗinsa doki da riga da hatsi, makaɗi kuma yana da sukunin zama ya gyara hannunsa. A wannan zamani Jankiɗi ya kai matsayin Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gado a 1938. Ɗanƙwairo ya bi Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu na Biyu waƙar da har yau ba a rasa ta a bakin mutanen Tsafe. Da aka buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962, amon kotso ya shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin waɗannan makaɗa da ido ba.

Daga baya abubuwa suka sauya. Jankiɗi ya rasu a 1973. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa sarakuna iko da abin hannu. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, a daidai lokacin da fiyano da situdiyo suka fara mamaye waƙar Hausa. Ni a kaset na san waɗannan mutane, a rediyon mahaifina, kuma tsofaffin da ke zaure sukan sa a mayar da kaset baya don kawai su sake jin yadda kotso ya juya kafin 'yan karɓi su shigo. Masu irin wannan kunne suna ƙarewa. Ga kuma rashin tsaro da ya tashi ƙauyuka da dama a Tsafe da Bungudu da Maradun, inda masassaƙa da majema da gidajen makaɗa suke.

Malamanmu sun yi aiki, Allah ya saka musu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka ya zama abin dogaron ɗalibai. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa a 1971. Sai dai yawancin nazarin da ake yi a jami'o'inmu kan turke da salo da azancin magana yake tsayawa. Ɗalibi zai rubuta kundi guda a kan Jankiɗi, bai taɓa riƙe taushi ba.

Turawa sun taɓa shiga irin wannan hali. Johann Sebastian Bach ma makaɗin fada ne, ya shugabanci makaɗan Yarima Leopold a garin Koten na Jamus daga 1717 zuwa 1723. A can ya tsara kiɗe-kiɗen gogen Turawa shi kaɗai a 1720, da na hafsikod, wani abin kiɗa mai madannai da ya riga fiyano, a 1722. Bayan rasuwarsa a 1750 fiyano ya ture hafsikod, aka wayi gari takardun kiɗa suna nan amma babu wanda ya gaji hannun. Sai a ƙarni na 20 irin su Wanda Landowska suka farfaɗo da shi, aka sake ƙera kayan, aka koma ga tsofaffin littattafai kamar wanda François Couperin ya rubuta a Faransa a 1716 kan yadda yatsa zai taɓa madanni. Har yau suna gardama kan saurin kiɗan da adonsa, domin a cikinsu ba wanda ya taɓa jin Bach da kunnensa.

Mu mun fi su sa'a ta wannan fuska. Muna da muryar Jankiɗi da amon taushinsa a faifai, kuma 'ya'ya da jikokin Ɗanƙwairo suna nan suna kaɗa kotso. Abin da ya rage shi ne a zauna da magadan nan tun suna da ƙarfi, a ɗauki hoton hannuwansu, a rubuta sunan kowane take da na wanda ake yi wa, a tambayi itacen da ake sassaƙawa da fatar da ake ɗaurawa da yadda ake haɗa nake. Jami'ar Tarayya da ke Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana kusa da duk waɗannan garuruwa, fadojin Gusau da Tsafe da Bungudu kuma su ne masu abin. Ina roƙon su ɗauki uban kiɗi a matsayin malami mai albashi, a ba shi ɗaliban da za su koya da yatsunsu, domin wannan ilimi hannu ne ke miƙa wa hannu.