Bayanan Shekara-shekara da Ake Buƙata Daga 'Yan Kasuwa Masu Rajista

Muna jan hankalin 'yan kasuwa na ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari cewa yin rajista sau ɗaya bai wadatar ba. Doka ta tanadi wasu bayanai da za a riƙa miƙawa kowace shekara.

Na farko, duk mai ma'aikata zai miƙa wa Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Sakkwato lissafin albashin da ya biya da harajin da ya cire a shekarar da ta gabata, kafin wucewar 31 ga Janairu. Na biyu, mai sana'ar kansa zai bayyana wa hukumar abin da ya samu zuwa 31 ga Maris. Na uku, wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci zai miƙa bayanin shekara ga hukumar tarayya mai rajistar kamfanoni, wato CAC, zuwa 30 ga Yuni, bisa dokar kamfanoni ta 2020.

Jinkiri kan jawo tara. Haka kuma, wanda bai sauke nauyin haraji ba, ba zai sami takardar shaidar biyan haraji ba, wadda ake nema wajen samun kwangilar gwamnati. Don haka muna ba da shawarar a adana rasit na kowane biya.