Kintsugi da Masu Fasa Tangaran da Gangan

A 'yan shekarun nan sana'ar kintsugi ta Japan, wato haɗa fasasshen tangaran da ƙaro a bi tsagar da garin zinare, ta bazu har ta kai mutane suna sayen faranti lafiyayye su fasa don su sami abin gyarawa. A ganina wannan ya juya sana'ar a kife, domin asalinta ceton abin da ake ƙauna ne. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Ashikaga Yoshimasa, mai mulkin soja a ƙarni na 15, wanda kwanon shayinsa ya tsage, ya aika da shi ƙasar Sin, aka dawo masa da shi an ɗinke da ƙusoshin ƙarfe, kamar yadda ake ɗinke ƙwarya. Kwanon yana gidan tarihi na ƙasa a Tokyo. Daga nan, a cewar labarin, masu gyara a Japan suka raja'a ga urushi, ƙaron wata bishiya da ke sa fata ƙaiƙayi da borin jini, wanda ba ya ƙanƙarewa sai a wuri mai laima. Ana kwaɓa shi da fulawa a manne gutsattsarin, a jira, a goge, a sake shafawa, aikin ya ɗauki makonni ko watanni. Ba a yi wa abin banza irin wannan wahala.

Masu ja za su kawo Furuta Oribe, gwanin shayin da ya rasu a 1615, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Shi ake dangantawa da kwanon Koriya da ake kira Jumonji, wanda aka raba gida huɗu aka sake haɗawa. Amma abin da aka ruwaito shi ne kwanon ya yi girma, aka rage shi ya dace da hannun mai shan shayi. Yanka ne da aka auna, da manufa. Seppo kuwa, jan kwanon shayin da Hon'ami Koetsu ya gina, a wuta ya tsage wajen gashi, zinaren ya bi inda wutar ta bi.

Hujja ta biyu ita ce ɗan koyo yana bukatar abin gwaji, kuma wannan na yarda da ita. Gara ya lalata faranti mai araha da ya taɓa kayan gado. Sai ya naɗe shi a tsumma mai kauri, ya sa safar hannu da tabarau, ya buga sau ɗaya da guduma don ya sami manyan gutsattsari, domin bakin tangaran yana yanka kamar aska. Ya kuma sani cewa yawancin kayan koyon da ake sayarwa gam ne na zamani da hoda mai ruwan zinare, kuma farantin da aka haɗa da su na ado ne, ba a zuba masa abinci.