Daga Ƙwarya Zuwa Tangaran: Tarihin Jeren Amarya a Daura

A tsofaffin gidajen birnin Daura, da ƙauyukan Zango, Baure da Mai'aduwa, har yanzu akan tarar da ɗakin wata dattijuwa da kabad cike da kwalla da langa, an jera su manya a ƙasa, ƙanana a sama. Jikoki kan ɗauke su tarkace. Amma kafin asusun banki ya iso hannun matan karkara, wannan jeren shi ne taskarsu.

Tun asali, jeren amarya a ƙasar Hausa na ƙorai ne da akussa da faya-fayi, sai tasoshin tagulla irin na Bida ga masu hali. Al'ada da shari'a sun haɗu a kan abu guda: kayan ɗaki mallakar mace ne. Idan aure ya mutu, da su take fita. Idan ta rasu, cikin gadonta suke. Uwa kan fara tara wa 'yarta tun tana ƙarama, da ribar kaɗi ko ƙuli-ƙuli ko kuɗin adashe.

Sauyi ya zo da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kantunan Turawa irin su John Holt da CFAO suka cika da kayan waje, fatake kuma suka kai su kasuwannin Daura har zuwa ƙetaren iyaka. Cikin kayan akwai kwanon ƙarfe mai sheƙi da zanen furanni. Sheƙin nan gilashi ne: garinsa ake shafa wa ƙarfe, a gasa a wuta mai tsanani har ya narke ya manne. Shi ya sa kwalla kan ɓantare idan ta faɗi, baƙin ƙarfe ya bayyana.

Da farko daga Turai da Hong Kong ake shigo da ita. A 1960 aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a Legas, kuma cikin shekarun da suka biyo baya 'yan kasuwar Hong Kong suka buɗe masana'anta a Kano. Kwalla ta wadata, jere ya hau bango har rufi. Ba don girki ake sayen yawancinta ba. Yawanta ne ke nuna ƙoƙarin uwa da ƙarfin dangi, 'yan ganin ɗaki kuma da ido suke ƙirgawa. Idan matsi ya zo, na rashin lafiya ko na fari irin na 1973, dillaliya na nan: a miƙa mata saiti ɗaya, a sayi hatsi ba tare da maƙwabta sun ji ba.

Daga baya tangaran da kwanukan gilashi masu jure zafi suka karɓi fagen, sannan kuloli da roba. Kwalla ta koma alamar ƙauyanci. Da yawanta ta ƙare a hannun 'yan gwangwan, an auna ta a sikeli da kuɗin tsohon ƙarfe.

A Amurka labarin ya bi wata hanya. Kamfanin Corning ya fito da kwanukan Pyrex a 1915, masu launi kuma suka biyo baya a 1945. Da aka daina yin masu zane a shekarun 1980, sai suka zama abin nema. Masu tara su sun kafa zaurukan Facebook, suna tantance sunan kowane zane da shekarar da aka yi shi, suna musaya da ciniki. Kwanon da kaka ta dama fulawa a ciki ya sami rajista.

Jeren matan Daura bai sami wannan gatan ba. Masarautar ta adana rijiyar Kusugu da jerin sarakunanta tun daga Daurama, kuma M. G. Smith ya rubuta littafi guda a kan mulkinta a 1978. Amma sunayen da mata suka raɗa wa zane-zanen kwalla, da kuɗin da aka saye su, da shekarar da kowanne ya yi tashe, a bakin tsofaffi kawai suke. Duk wanda kakarsa ke raye, kabad ɗinta kuma bai watse ba, yana da damar ɗaukar hoto, ya juya gindin kwano ya duba tambari, ya tambaye ta wanda ya saya mata da abin da aka sayar kafin a same shi.