Mutumin da ke Rataye a Rijiya: Raddi ga Prothero kan Hikimar da Addinai Suka Yi Tarayya a Kai

Tun da Stephen Prothero na Jami'ar Boston ya fitar da littafinsa God Is Not One a 2010, yi wa batun haɗuwar addinai dariya ya zama kamar ado ga masu nazarin wannan fanni. Taken littafin zai iya ɗaga wa Musulmi hankali, amma ba tauhidi marubucin yake musu ba. Manufarsa ita ce addinan duniya ba alƙibla ɗaya suka dosa ba. Waɗanda yake yi wa raddi sanannu ne: masu cewa addinai hanyoyi ne mabambanta da ke hawa dutse ɗaya, can ƙololuwa su haɗu (Huxley 1945, Schuon 1948, Smith 1958, Hick 1989). A kan wannan gaɓa ba ni da ja da shi. Babu wanda ya taɓa hawa ƙololuwar ya sauko da shaidar da za a iya bincikawa, kuma da wuya limami ko fada ko malamin Buddha na sosai ya sa hannu a kan wannan da'awa.

Inda muka raba gari shi ne abin da ya gina bayan rusau. A wurinsa kowane addini da cutar da ya gano a jikin ɗan Adam da kuma maganin da ya tanada: Kiristanci zunubi da ceto, Musulunci girman kai da miƙa wuya, addinin Buddha wahala da yankewarta, Yahudanci nisanta da komawa, addinin Hindu zagayen haihuwa da mutuwa da kuɓuta daga gare shi, har zuwa takwas, ciki da addinin gargajiya na Yarbawa. Adalci ne a faɗa cewa ya amince da abu biyu: dukkansu sun faro ne daga ganin cewa akwai abin da ya karkace a duniya, kuma sukan yi kusa da juna a fannin ɗa'a. Sai dai ya ɗauki wannan tarayya a matsayin ɓawo, abin da za a ambata a layi biyu a wuce. Ni kuwa a ganina tarihin littattafai bai yarda da wannan raini ba. Akwai hanyar gwaji mai sauƙi. In da cututtukan sun bambanta kamar yadda jadawalinsa ya nuna, to bayanin cutar da aka tsara wa ɗan Hindu bai kamata ya yi wa sufi a Bagadaza ko ɗan zuhudu a ƙasar Girka wani amfani ba.

Ga misali ɗaya da za a iya bin sawunsa. Wani mutum ya gudo daga giwa mai fushi, ya auka rijiya, ya kama rassa biyu da ke bakinta ya rataye. Ƙafafunsa na kan macizai huɗu, a ƙasa dodo ya buɗe baki yana jira, ɓeraye biyu, fari da baƙi, suna gaigayar rassan. Ana cikin haka ya hangi 'yar zuma kusa da shi, ya shiga lasa, daɗinta ya mantar da shi halin da yake ciki. Rijiyar ita ce duniya, ɓerayen dare da rana, macizan ɗabi'u huɗu na jiki a tsohon ilmin likitanci, dodon mutuwa, zumar kuma ɗan abin jin daɗin da ke shagaltar da mutum. Haka labarin yake a babin likita Barzawaihi na Kalila wa Dimna, littafin da aka ɗauko daga Indiya zuwa Farisa a zamanin Kisra Anusharwan (531–579), Ibnul Muƙaffa kuma ya mayar da shi Larabci wajen shekarar 750. Wani zubi nasa yana cikin littafi na 11 na Mahabharata, inda Widura yake ba makahon sarki Diritarashtira haƙuri bayan an kashe 'ya'yansa a yaƙi. Yana cikin rubuce-rubucen mabiya addinin Jain. Yana cikin wa'azin Kiristocin Turai na tsakiyar zamani, sai dai giwa ta koma dabba mai ƙaho ɗaya. A farkon shekarun 1880 Tolstoy ya sake ɗauko shi a littafin da ya bayyana ruɗanin zuciyarsa, ya ce shi ne mutumin da ke rataye. (Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hanya: Kalila wa Dimna na cikin rumbunan da Abubakar Imam ya ɗiba a Magana Jari Ce.)

Abin hawan da ya kai labarin ga Kiristoci ya fi labarin kansa ban mamaki. Shi ne ƙissar Bilauhar da Budasaf, ɗan sarkin Indiya da uban ya killace a fada don kada ya ga tsufa ko ciwo ko mutuwa, ya fita wata rana ya gan su, ya bar sarauta ya shiga zuhudu. Duk wanda ya san tarihin Buddha ya gane shi. Ƙissar ta yi yawo da Larabci tun farkon zamanin Abbasiyawa, malamin Shi'a Ibnu Babawaihi (ya rasu 991) ya saka ta a Kamalud Din. Daga Larabci ta shiga harshen Jojiya, daga nan Girkanci, aikin da akasarin masana yanzu suke dangana wa Yutimiyus na Dutsen Atos (ya rasu 1028), sannan Latin. A Barsalona Ibrahim ɗan Hasdai ya yi wa Yahudawa nasu zubin da Ibrananci a ƙarni na 13. A ƙarshen ƙarni na 16 sunayen Barlaam da Josafat, wato Bilauhar da Budasaf, suka shiga kundin waliyyan Cocin Katolika, aka ba su ranar 27 ga Nuwamba. Sai a 1859 da 1860 Laboulaye da Liebrecht suka tabbatar wa Turai cewa asalin waliyyi Josafat Buddha ne.

Na san amsar da ɓangaren Prothero zai bayar, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce wanda ya isa Atos ba Buddha ba ne, gangar jikinsa ce kawai. An cire koyarwar cewa babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, an cire sake haihuwa, an cire nirbana, wato duk abin da ya sa addinin Buddha ya zama kansa. A gurbinsu an zuba baftisma da Triniti da tashin matattu. Har ma akwai shaidar da ta fi wannan kaifi: bayan Rendel Harris ya gano kwafin Suryananci na Kariyar Aristides a gidan zuhudu na Dutsen Sina'i a 1889, Armitage Robinson ya lura cewa wannan tsohon raddi na ƙarni na 2, wanda ke sukar allolin Kaldiyawa da Girkawa da Misirawa, an dasa shi kusan ɗungurungum a tsakiyar zubin Girkanci na ƙissar. Ke nan littafin da ake kafa hujja da shi kan haɗuwar addinai, a cikinsa akwai wa'azin da ke cewa sauran addinai ɓata ne. Ina haɗin kan yake?

Ba zan kauce wa wannan ba, kuma dole ya rage faɗin da'awata. Shaidar ba ta nuna cewa aƙida tana ƙetare iyaka ba. Tana nuna akasin haka ne. Kamar ayarin fatake ne da ke biyan kuɗin fito a kowace ƙasa: a kowace ƙofa akwai kayan da ake saukewa, kuma abin da ake saukewa kullum shi ne aƙida. Amma a lura da abin da ba a taɓa saukewa ba. Ɗan Hindu da ɗan Jain da Majusi da Musulmi da Bayahude da Kirista, kowanne ya duba mutumin nan na rijiya ya ce wannan bayanin halina ne, babu wanda ya ga buƙatar canza ɓerayen ko zumar. Sun saɓa a kan wanda zai miƙo igiya da inda za a je in an fito. Ba su saɓa a kan cewa gafala ce ke riƙe da mutum ba. A jadawalin Prothero kuwa ainihin wannan sashe, sashen gano cuta, shi ne ya ce ya rabu gida takwas.

Za a iya sake cewa ai tsoron mutuwa ba addini ba ne, halin ɗan Adam ne, har wanda bai yarda da lahira ba yana jin sa. Wannan ma da ƙamshin gaskiya, shi ya sa misali na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Wajen shekarar 1080, a Saragosa ta Andalus, malamin Yahudawa Bahya ɗan Faƙuda ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub da Larabci a haruffan Ibrananci. Kukansa shi ne mutanensa sun duƙufa kan farillan gaɓoɓi sun manta da farillan zuciya. Babobinsa goma, kuma duk almajirin da ya zauna gaban malamin tasawwufi zai gane jerinsu: tauhidi, lura da halitta, ɗa'a ga Allah, tawakkali, ikhlasi, tawali'u, tuba, yi wa kai hisabi, zuhudu, da son Allah. Tun bugun littafin da masani Yahuda ya yi a 1912, har zuwa nazarin Lobel (2007), an bi sawun maganganu da dama da Bahya ya jingina wa "wani salihi" aka tarar da su a littattafan zahidai da sufayen Musulmi, ana kuma ganin inuwar Muhasibi (ya rasu 857) a tsarinsa. Har labarin nan na mayaƙan da suka dawo daga fagen fama aka ce musu babban yaƙi na gabansu, wato yaƙar son zuciya, yana ciki. Wannan ya wuce tsoron kabari. Magana ce ta niyya, da riya, da yadda ibada ke lalacewa daga ciki. Yahuda ɗan Tibbon ya fara fassara littafin zuwa Ibrananci a 1161, daga baya littafin ya zama ɗaya daga cikin manyan littattafan tarbiyya na Yahudawa, har makarantunsu na Lituwaniya a ƙarni na 19.

Nan ma akwai iyaka. Bahya da sufaye sun riga sun haɗu a kan Allah ɗaya mai umarni da hisabi, don haka aron ya shiga har cikin ibada. Tsakanin Indiya da masu saukakkun littattafai kuwa, gwargwadon misalin da na kawo, bai wuce bayanin halin duniya da kiran zuhudu ba. Sannan masu aron zahidai ne da masu wa'azi da ma'abota adabi, waɗanda aikinsu gyaran zuciya ne. Kuma ba kowa ya yi na'am ba: Biruni, wanda ya fi kowane Musulmi na zamaninsa sanin Indiya, ya zargi Ibnul Muƙaffa da cewa shi ya ƙara babin Barzawaihi don jefa shakka a zukatan masu raunin imani. Zargin ba ya rasa dalili, domin a babin likitan ya ce ya bincika addinai ya tarar kowa yana yabon nasa yana kushe na wani, sai ya tsaya kan abin da duk suka yarda da shi, kamar barin kisa da ƙarya da sata. Wanda ya mayar da tarayyar ta zama madadin addini, kamar wannan likita, ko ya kai ta har aƙida, kamar yarima Dara Shikoh da ya fassara Upanishad zuwa Farisanci a 1657 yana ganin tauhidi a ciki, aka kashe shi a 1659 da tuhumar ridda a kansa, shi ne ake ɗari-ɗari da shi. Bahya bai bar Attaura ba ko da taki ɗaya, kuma aronsa ne ya zauna lafiya shekaru ɗaruruwa.

Wannan ne, ina jin, jadawalin Prothero ba shi da gurbin da zai ajiye. Ya ba Musulunci girman kai a matsayin cutarsa ta musamman. To me za a yi da babi na shida na Bahya, wanda kacokan a kan tawali'u yake? Me za a yi da matakai goma sha biyu na ƙanƙan da kai a babi na 7 na dokokin zuhudu na Benedikt, tun ƙarni na 6, ko da Agustin, wanda ya ɗauki girman kai a matsayin mafarin zunubi kansa? Layukan da ya ja tsakanin cututtuka takwas suna taimaka wa ɗalibin shekarar farko ya haddace darasi, amma malaman addinan da kansu sun sha tsallake su, suna sane da abin da suke yi.