Ƙera Mai Sarrafa Saƙo Daga Sunan Aji: Sauƙi da Haɗari

A birnin Yamai, inda bankuna irin su SONIBANK, da kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Al Izza, da kamfanin wutar lantarki na NIGELEC, kowanne ke da nasa tsarin kwamfuta, babban aikin mai rubuta manhaja shi ne sada tsare-tsaren da juna, ta yadda saƙon biyan kuɗi zai tashi daga wannan ya isa wancan ba tare da ma'anarsa ta canja ba. Domin irin wannan aiki aka fitar da Apache Camel a 2007, manhaja ce ta harshen Java da aka gina bisa dabarun da Gregor Hohpe da Bobby Woolf suka tattara a littafinsu na 2003. A cikinta saƙo yana bin hanyar da aka shata masa, a kowane zango kuma akwai mai sarrafa saƙo, wato guntun shirin da ke karɓarsa, ya duba shi ko ya sauya fasalinsa, sannan ya miƙa shi gaba.

Ana fitar da wannan shiri ne daga aji, wanda shi ne zubin da ke fayyace aikinsa, kuma Camel ta yarda a rubuta sunan ajin kawai, ita ta nemo shi ta ƙera mai sarrafawar da kanta. Sauƙin a bayyane yake, domin ana iya musanya wani aji da wani ta gyara layi ɗaya a fayil ɗin saiti.

Sai dai sunan da aka rubuta haka rubutu ne zalla, manhajar harhaɗa shiri ba ta tantance shi, saboda haka kuskuren harafi ɗaya ba ya fitowa sai an tayar da hanyar. Bugu da ƙari, mai sarrafawa guda ne ke hidimar dukkan saƙonni, idan kuwa yana ajiye adadin kuɗin wani a cikinsa, saƙonni biyu da suka iso tare suna iya cakuɗewa. Mafi muni shi ne a bar saƙon da ya zo daga waje ya zaɓi ajin da za a ɗora, domin ta irin wannan ƙofa ce ɓarakar Log4Shell ta Disamban 2021 ta bai wa masu kutse damar gudanar da shirinsu a kwamfutocin wasu.

Don haka wajibi ne sunan aji ya fito daga saitin da ma'aikata suka tantance, a kuma gwada kowace hanya kafin a ɗora mata kuɗin jama'a.