Karatun doktora a kan ƙwayoyin cuta da kwamfuta

Mene ne wannan ilimi?

Kun san sanƙarau da tarin fuka da kwalara. Ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, su ne ke haddasa tarin fuka da kwalara da annobar sanƙarau. Kowace ƙwayar bakteriya tana ɗauke da rubutun gadonta a cikin jikinta. Haruffa huɗu kawai masana ke amfani da su wajen rubuta shi: A, C, G da T. Amma rubutun ƙwayar sanƙarau ya haura haruffa miliyan 2. Mutum ba zai iya karance shi da ido ba, sai da kwamfuta. Ilimin da ya haɗa nazarin halittu da lissafi da kwamfuta shi ake kira biyo'infomatik.

Me ya sa ya shafe ku?

Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, kuma rigakafin wani iri ba ya kare mutum daga wani. A shekarar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar domin yaƙar irin A, kuma ta yi nasara. Sai a 2015 annobar irin C ta ɓarke, ta kama mutane fiye da 8,000, ta kashe fiye da 500. Da masana suka karanta rubutun gadon ƙwayar, suka gane cewa sabuwa ce, kuma ita ce ta ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. Irin wannan sani ne ke nuna wa hukumomi allurar da ta dace da kuma inda cuta ta dosa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura mai kariya daga iri 5.

Wace hanya ɗalibi zai bi?

Bayan bakaloriya, ɗalibi zai yi shekara 3 ya samu lisans, ya ƙara 2 ya samu mastar. Sannan ya shiga doktora, wadda ke ɗaukar shekara 3 ko fiye. Ɗan doktora bincike yake yi a ƙarƙashin wani babban malami. Zai zaɓi tambaya guda, misali: ta yaya ƙwayar cuta ke daina jin magani? A ƙarshe ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai.

A ina ake yi?

Ana iya fara karatun kimiyya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Cibiyar CERMES ta Yamai tana bincike a kan sanƙarau. A maƙwabta, akwai cibiyar WACCBIP a Jami'ar Ghana da cibiyar ACEGID a Ede ta Najeriya, dukansu suna horar da ƴan doktora.

Shawara ga iyaye

Ku bar yaro ya zarce da karatu, mace ko namiji. Ku ƙarfafa shi a kan lissafi da ilimin halittu da Ingilishi, domin da Ingilishi ake wallafa galibin bincike. In lokacin neman tallafin karatu ya yi, ya tambayi malamansa, ya duba shafin cibiyar a intanet, ya aika takardunsa kafin ranar rufewa. Ku yi hattara da duk wanda ya nemi kuɗi don ya sama masa gurbi.